Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Malamanmu Da Dattawanmu Na Makka, Madina Da Jidda Kan Lambar Sirrin Da Ke Shigowa Waya

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Iyayenmu malamai, Allah ya gafarta muku. Dattawan unguwanni da shugabannin ƙungiyoyinmu na Hausawa, Allah ya ƙara girma. Iyayenmu mata masu koyar da karatu a gidaje da uwayen adashi, Allah ya saka muku da alheri. Ni ɗanku ne mazaunin Jidda, aikina kula da kwamfutoci, kuma saboda wannan aikin ne 'yan uwa da maƙwabta ke miƙo mini waya duk lokacin da wani abu ya cije. Abin da nake gani a hannun jama'armu ya fi ƙarfin a riƙa gyara shi waya ɗaya bayan ɗaya, shi ya sa na kawo kukana gare ku. Roƙona guda ne: ku sa baki a maganar lambar nan da ke shigowa waya lokacin da mutum zai shiga Absher, manhajar hidimomin gwamnatin Saudiyya, ko manhajar banki, ko WhatsApp. Ku gaya wa mutane cewa amana ce, kuma ku tsawatar wa masu taimakon jama'a da su riƙe ta a matsayin amana.

Bari in fara da kare lambar, domin na san da yawa daga cikinku sun gaji da ita. A da, kalmar sirri kaɗai ke tsare asusun mutum. Kalmar sirri kuwa abu ce mai saurin fita: wani ya hango ta, wani ya cinka ta, wani kamfani a yi masa kutse a kwashe ta dubban mutane a dare ɗaya. Mutanenmu kuma, sai ka tarar shekarar haihuwa ce, ko lambar waya, ko sunan ɗan fari, kuma ita ɗaya ce a ko'ina. Don haka aka ƙara mataki na biyu: bayan abin da ka sani, sai an ga abin da ke hannunka, wato wayarka. A shekarar 2019 kamfanin Google ya fitar da sakamakon wani bincike da ya yi tare da masana daga jami'o'i biyu na Amurka. Ya nuna cewa lambar da ake turowa ta saƙon tes ta tare duk hare-haren da na'urori ke kaiwa kai tsaye, ta tare kashi 96 cikin ɗari na damfarar da ake watsa wa jama'a barkatai, sannan ta tare kashi 76 cikin ɗari na harin da aka shirya domin mutum guda. Wanda ya ce a cire wannan mataki domin a huta, bai yi wa talaka adalci ba, domin talaka ne ba ya iya mayar da abin da aka sace masa.

Amma wahalar ma gaskiya ce, kuma ba zan raina ta ba. Dattijo ne idonsa ya yi rauni, saƙo ya shigo da Larabci ko Turanci cikin ƙananan baƙaƙe, kafin ya nemo tabarau ya fita daga wannan shafi ya koma wancan, lokacin lambar ya wuce, sai a sake daga farko. Mahajjaciya ce ta sauka daga Kano ko Zinder, an cire mata layin gida an saka mata shariha, wato layin waya, ta nan, ga kuɗi a asusunta amma lambar da za ta buɗe shi tana zuwa kan layin da ke ƙulle a bakin zani. Ma'aikaci ne wayarsa ta faɗi a bas, a rana ɗaya ya rasa hanyar shiga banki, da Absher, da lambobin danginsa. Ga shi kuma rayuwa a ƙasar nan ta koma cikin waya kusan gaba ɗaya: takardun iƙama, bizar fita da dawowa, tarar hanya, ganin likita, har izinin shiga Rauda a Madina ta manhajar Nusuk ake nema. Mutum ba zai ce shi ba ruwansa ba.

To daga wannan wahalar ne ainihin matsalarmu ta fito, kuma nan nake so ku tsaya da ni. Waɗanda suka tsara wannan tsaro sun gina shi a kan zaton cewa mutum ɗaya, waya ɗaya, layi ɗaya, kuma duk a hannunsa suke. Mu ba haka muke zaune ba. A cikinmu akwai dattijon da ɗan ƙanensa ya buɗe masa Absher shekarun baya, ya sa lambar wayarsa shi yaron, domin "ai Baba ba ya duba saƙo". Akwai baiwar Allah mai aikin gida da asusun albashinta ke rataye da layin wani da ya yi mata hanya. Akwai wanda ya je maktab ɗin hidimomi, wato ofishin masu yi wa jama'a aikin takardu, ya miƙa waya da kalmar sirri, ya fita shan shayi ya dawo ya tarar an gama masa aiki, bai san me da me aka taɓa ba. An yi wa ƙofa kwaɗo biyu, amma mai ɗakin ya bar mabuɗan duka a aljihun wani. A irin wannan hali mataki na biyu ba ya tsare mai asusu, wanda ke riƙe da layin yake bai wa iko a kansa.

Galibin masu riƙe da waɗannan layuka mutanen kirki ne, da zuciya ɗaya suka taimaka. Sai dai yaro yana yin tafiya, yana canza layi, yana yin faɗa da gidan, yana shiga matsin bashi. Kuma ko da bai taɓa cin amana ba, ranar da wayarsa ta faɗa hannun ɓarawo, asusun mutum uku ko huɗu ne suka tafi tare da ita.

Akwai kuma juyin wannan. Tun 2016 ba a sayar da layin waya a ƙasar nan sai da basama, wato zanen yatsa, don haka kowane layi yana da mai shi a wurin hukuma. Wani ɗan uwa zai zo ya ce ka ciro masa shariha da sunanka, kunya ta hana ka ƙi. Ka sani duk abin da aka aikata da wannan layin, sunanka ne zai fara fitowa. Na san akwai waɗanda larura ce ta kai su ga wannan roƙo, kuma ba na wulaƙanta kowa da halin da ya samu kansa. Amma tausayi ba ya sauya sunan da ke rubuce a rajista, kuma ya kamata wanda ake roƙo ya san nauyin da yake ɗauka kafin ya ɗora yatsa. Hukumar sadarwa ta ƙasar nan tana da hidimar da ake kira Arqami, wadda mutum zai duba ya ga duk layukan da ke kan lambar shaidarsa. Ina roƙon kowane magidanci ya sa a duba masa. Wasu za su tarar da layukan da suka manta da su, wasu kuma layukan da ba su taɓa sani ba.

Su kuwa 'yan damfara sun daɗe da gane cewa fasa tsaron banki yana da wuya, roƙon mutum ya karanto lamba kuwa yana da sauƙi. Za a kira ka da murya mai natsuwa, a ce daga banki ne, katinka na cire kuɗi na Mada zai tsaya idan ba a sabunta bayanai ba, yanzu saƙo zai shigo, karanto mana. Ko a ce ka ci kyauta. Ko a ce kayanka sun iso daga kamfanin aika saƙo, biya 'yan riyal kaɗan ta wannan shafin. Mai kiran yana iya ambaton cikakken sunanka da lambar iƙamarka, sai zuciyarka ta kwanta. Alhali waɗannan bayanai sun bi ta hannun mutane da yawa, sanin su ba shaidar komai ba ne. Saƙon da ke ɗauke da lambar ma yakan zo da gargaɗin kada a faɗa wa kowa, amma wa ke karanta gargaɗi alhali ana ce masa asusunsa zai rufe nan da minti biyar?

Nafath, manhajar hukuma ta tabbatar da shaidar mutum, ya fi wannan buƙatar bayani, domin shi ba a karanto komai, dannawa kawai ake yi. Yadda yake aiki shi ne, idan kai ne kake shiga wani shafi na hukuma ko na banki, shafin zai nuna maka lamba mai alƙaluma biyu, ka buɗe manhajar ka zaɓi irinta, ka nuna fuskarka. Tsari ne mai kyau, ya fi saƙon tes ƙarfi. Amma ɗan damfara yana iya fara shiga da lambar shaidarka daga inda yake, sannan ya kira ka ya ce buɗe Nafath ka danna lamba kaza. Idan ka danna ka nuna fuska, kai da kanka ka shaida wa na'ura cewa shi ne kai. Da wannan yana iya yin abin da zai bar maka bashi ko shari'a da sunanka. Ka'idar a nan gajera ce, kuma ina so ta fito daga bakinku: buƙatar da ba kai ka fara ta da hannunka ba, kada ka amince da ita, ko wane ne ya ce ka danna.

Allah gafarta malamai, ku kanku kuna cikin waɗanda aka fi hari, domin lambarku tana da daraja. Tun bayan rusau ɗin da ya shafi tsofaffin unguwannin Jidda irin su Gulail, Karantina da Sabil daga ƙarshen 2021 zuwa 2022, jama'armu sun warwatsu, kuma zaurukan WhatsApp ne suka zama inda ake sanar da rasuwa, da ɗaurin aure, da neman taimakon marar lafiya. Duk wanda ya ƙwace WhatsApp ɗin malami ko uwar adashi, ya gaji amincewar da aka gina shekara da shekaru. Hanyar kuwa sananniya ce: saƙo zai zo daga lambar wani da ka sani, wanda shi ma an riga an ƙwace tasa, ya ce na turo maka wata lamba bisa kuskure, ko ya ce lambar shiga taron ƙungiya ce, turo mini. Alƙaluma shida ne. Da ka tura, an fitar da kai daga WhatsApp ɗinka, an fara rubuta wa almajiranka da sunanka cewa ana neman gudummawar asibiti, ko kuɗin hadaya, ko na aikin hajjin wani mamaci. Mutane za su tura saboda kai ne. Maganin wannan yana cikin manhajar kanta tun 2017: a shiga saituna a kunna tabbaci mai mataki biyu, a zaɓi wasu alƙaluma shida na daban waɗanda kai kaɗai ka sani, a haɗa da adireshin imel domin ranar mantuwa. Aikin minti biyu ne. Ina roƙon kowane malami da ke da zaure ya yi wannan kafin ya kwanta yau, kuma ya sanar da almajiransa cewa duk saƙon neman kuɗi da sunansa, a kira shi a ji muryarsa tukuna.

Masu asusu a bankunan gida kuma suna da nasu haɗarin. A Najeriya, layin da aka yi wata shida ba a yi amfani da shi ba ana iya yanke shi, bayan wani lokaci kuma a sayar wa wani. Mutum yana nan shekara biyu, uku, layin da ke haɗe da BVN ɗinsa da asusunsa ya koma hannun baƙo, saƙonnin banki suna zuwa wa wanda bai sani ba. Wanda ke da irin wannan layin ya riƙa raya shi da ɗan kati lokaci zuwa lokaci, ko ya je banki ya sauya lambar idan ya je gida. Barin layin a hannun wani a gida domin ya riƙa karanto maka lamba ta waya, shi ma komawa ne ga matsalar da na ambata a sama.

Saƙon tes, a gaskiya, shi ne mafi rauni a cikin hanyoyin mataki na biyu, domin ana iya sace layin kansa. A watan Agustan 2019 an ƙwace shafin Jack Dorsey, shugaban Twitter na lokacin, ta hanyar mayar da lambar wayarsa kan wani katin. Ga matasanmu da masu kasuwanci a intanet, akwai manhajoji irin su Google Authenticator da ke samar da alƙaluma shida a cikin wayar, suna sauyawa duk daƙiƙa 30, ba sa buƙatar layi ko sabis. Wannan ya dace da mai yawo tsakanin Jidda da Kano. Amma ba zan ce a ɗora wa tsoho wannan ba, domin duk ƙarin tsaro yana zuwa da ƙarin haɗarin mutum ya kulle kansa a waje idan wayar ta ɓata. Shi ya sa Google ke bayar da lambobin ko-ta-kwana guda goma, kowacce ana amfani da ita sau ɗaya. A rubuta su a takarda, a ajiye inda ake ajiye fasfo. Takarda a cikin akwati ta fi hoton allo a cikin wayar da za a iya sacewa.

Na san huɗubar Juma'a a nan tana da tsarinta, ba ita nake nufi ba. Ina nufin majalisunku, da karatun bayan magariba, da walimar aure da suna, da zaman gaisuwar rasuwa, da saƙon muryar da kuke aikawa wanda ake saurara a gidajen da ni ba zan taɓa shiga ba. Idan ni na ce wa dattijo kada ya ba kowa lambarsa, zai ce yaran zamani da tsoro. Idan ku kuka faɗa, magana ta zauna. Kuma ba sabon babi nake neman ku buɗe ba. Hukuncin ajiya yana nan a fiƙihun da kuka karantar da mu, kuma aya ta 58 a Suratun Nisa'i ta umarci a mayar da amana ga masu ita. Wayar da tsohuwa ta miƙa wa saurayi domin ya sabunta mata takarda ajiya ce. Bai halatta ya leƙa abin da ba a sa shi ba, ko ya riƙe kalmar sirrinta bayan an gama, ko ya sa lambarsa a madadin tata domin sauƙin kansa.

Tun da ba za a daina neman taimako ba, kuma bai kamata a daina ba, sai a gyara yadda ake taimakon. Mai asusu ya zauna a wurin, wayar tana gabansa, shi zai danna, shi zai nuna fuska, mai taimako ya faɗa masa da Hausa abin da ake shirin amincewa da shi kafin a danna. Lambar da ke kan Absher da banki ta zama ta mai asusun, a wayar da ke kwana a ɗakinsa. Wanda aka riga aka sa masa ta wani, a raka shi na'urorin Absher na hidimar kai da ke wasu manyan kasuwanni da ofisoshi, ya sa yatsa ya mayar da tasa. Inda kuma dole sai wani ya yi aiki a madadin wani, akwai hanyar wakilci ta hukuma, tafwid ko wakala, mai iyaka da wa'adi, wadda ake iya sokewa. Ta fi miƙa kalmar sirri nesa ba kusa ba, domin tana kare wakilin ma daga zargi.

Sai maganar kunya, wadda ita ce babbar abokiyar ɓarawo a cikinmu. Mutum an yashe shi, sai ya yi shiru kwana biyu yana tunanin abin da za a ce, alhali sa'o'in farko ne ake da damar tsayar da kati da asusu. Ku gaya wa jama'a cewa wanda aka damfara ba wawa ba ne, an yaudari likitoci da injiniyoyi ma. Ya kira bankinsa nan take ta lambar da ke bayan katinsa, ba wadda ta kira shi ba. Saƙon damfara ana tura shi zuwa 330330, ana kuma kai ƙara ta manhajar jami'an tsaro mai suna Kollona Amn. Matasanmu kuma a ja musu kunne kan masu cewa ara mini asusunka kuɗi za su shigo, ka cire ladanka ka tura sauran. Dokar yaƙi da damfarar kuɗi da cin amana ta 2021 ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara bakwai da tarar da za ta iya kai riyal miliyan biyar, kuma asusun da kuɗin sata suka sauka a ciki shi ake fara bi.

Akwai abu ɗaya da ku kuka fi kowa ganin sa, wato ranar rasuwa. Magidanci ya rasu, waya a kulle, ba wanda ya san bankunan da yake da asusu, nan ko a gida, ko wa yake bi bashi, ko adashin wa ke hannunsa. Wani lokaci kuma akasin haka ke faruwa: ɗaya daga cikin 'ya'ya yana riƙe da wayar, lambobi suna shigo masa, ya taɓa dukiyar da ta riga ta zama ta magada kafin a raba. Idan kuna wa'azin wasiyya, ku haɗa da wannan: mutum ya rubuta sunayen bankunansa da layin da ke haɗe da kowanne, ba kalmar sirri ba, domin magada su bi ta hanyar hukuma. Kuma a sanar da iyalai cewa riƙe wayar mamaci ba ya halatta wa kowa cire ko riyal ɗaya.

Ni da wasu 'yan uwa masu irin aikina a shirye muke mu zo duk majalisin da kuka kira mu, mu zauna da mutane ɗaya bayan ɗaya, kowa da wayarsa a hannunsa, ba tare da mun karɓi ko sisi ba kuma ba tare da mun ga kalmar sirrin kowa ba. Muna roƙon iyayenmu mata su zaɓo mana 'yan mata da matan aure masu ilimin waya mu fara koya musu, domin su ne za su shiga wurin mata, musamman masu aikin gida waɗanda ba sa samun fita sai ranar hutu. Abin da muke jira daga gare ku shi ne izini, da wuri, da kalmarku a gaban jama'a kafin mu fara.

Allah ya ƙara muku lafiya da nisan kwana.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.

Ɗanku,
mazaunin Jidda